Shatin Ƙaho Huɗu a Bayan Nafisa

Da sunan Allah nake fara wannan babi. Ke na fi nufa da shi, Hadiza, ko da yake labarin yayarki ne. Ranar da muke ɗaure kaya za mu sauya gida kin buɗe tsohuwar jakar takardun abbanku, kin ciro wani dosiye, kundin takardu, kin tsaya kina karantawa a tsaye. Kin mayar da shi yadda yake, ba ki tambaye ni komai ba, ni ma ban ce miki komai ba. Na san abin da ke shafi na biyu, domin an karanta mini shi sau uku a wancan lokaci: uwar ta amsa da bakinta cewa ita ta tsattsaga bayan yarinyar da reza. Haka na faɗa musu, ba su yi mini ƙari ba. Amma ba haka aka yi ba.

Kakanku Habu, mahaifina, wanzami ne a Damagaram, ya rasu kafin a haifi Nafisa. Mace ba ta gadon aska, don haka ba wanda ya koya mini komai. Sai dai ta zauren da yake aiki ake bi a shiga gidanmu, ni kuwa yarinya ce mai tsayawa kallo. Na ga yadda yake kafa ƙaho a bayan mutum, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe da kakin zuma, ya jira fata ta tashi, ya cire ya yi ƴan tsage da aska, ya mayar da ƙahon ya jawo baƙin jini. Na ga kuma yadda yake koya wa yayyena maza. Yakan tsayar da ɗaya daga cikinsu ba riga, ya riƙa ɗora yatsa a jikinsa: ramin bayan kunne, gefen goshi, ƙasan maƙogwaro, ƙahon zuci, cikin hammata.

"Nan makasa ce," yakan ce. "Aska ba ta zuwa nan, hannu ma ba ya zuwa nan da fushi. Wanda aka buga a makasa yana iya tashi ya yi dariya, ya je gida ya ci tuwo. Jinin ya kwanta a ciki. Sai bayan kwanaki a aiko kiranka, lokacin kuwa ba ka da abin yi."

Ban sani ba ko ya taɓa ganin haka da idonsa, ko tsorata su yake yi don kada su yi wasa da aska. Ni dai na ji na ajiye.

Ina da shekara goma sha tara na zo Faransa. Abbanku yana tura tsofaffin firij da kayan mota gida ta jirgin ruwa. Mun yi shekara biyar a Saint-Denis, gefen Paris, sannan muka koma Rillieux, hawa na bakwai. A shekarar da nake ba ku labari Nafisa tana da takwas, ke kuma kina goye. Ni a lokacin mace ce mai tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Nakan koma kicin sau uku in duba gaz. In Nafisa ta tafi lakwal, wato makaranta, ina tsaye a taga har sai na ga jar jakarta ta shige ƙofa. Faransancina na kasuwa ne: nawa, ya yi tsada, na gode. Duk takardar da ta shigo gida a kan firij nake ajiye ta sai abbanku ya dawo. Nafisa kuwa yarinya ce marar magana, yara suna ja mata kitso ta dawo ba ta faɗa ba. Wannan ne ya sa abbanku ya rubuta sunanta a wurin karate na unguwa, kowace Laraba da rana.

"Ɗiya mace da koyon faɗa, Malam?" na ce masa.

"Ba faɗa ba ne, sipor ne, motsa jiki. Ko kin fi so ta zauna ta koyi leƙen taga irin naki?"

Ni ke kai ta. Malamin wani ɗan tsoho ne gajere, asalinsa ɗan Biyetnam, kowa Metir yake ce masa. Wasan ma na ƙasarsu ne, yana da sunansa daban, mu dai duk karate muke cewa. Iyaye suna zama a benci a gefen sal ɗin, ɗakin wasan. A bangon da ke fuskantar bencin akwai wani babban hoto: mutum a tsaye ba tufa ba gashi, an zana shi ta gaba an zana shi ta baya, layuka masu launi suna gangarowa daga kansa har yatsun hannu da na ƙafa, a kan kowane layi an jera ɗigo-ɗigo. Sauran matan wayoyinsu suke kallo. Ni ba ni da abin karantawa, sai na zuba wa hoton ido, Laraba bayan Laraba. Na lura wasu ɗigon an kewaye su da jan biro, da hannu aka yi. Wata rana na bi jajayen ɗaya bayan ɗaya. Bayan kunne. Gefen goshi. Ƙasan maƙogwaro. Ƙahon zuci. Hammata. Wuraren Baba ne, ba wanda ya kauce. Na tambayi matar da ke kusa da ni, ta ce hoton likitocin Sin ne masu soka wa mutum siraran allurai don magani. A raina na ce, me hoton likita yake yi a ɗakin duka?

Amsar ta zo bayan sati biyu. Nafisa ta manta mantonta, rigar sanyinta, muka koma ɗauka, muka tarar manya sun fara nasu. Metir yana tsaye gaban wani ƙato, direban bas ɗin layinmu ne, na san fuskarsa. Ya ce masa ya shaƙe masa wuyan riga. Ƙaton ya shaƙe. Metir ya dunƙule yatsu biyu ya ƙwanƙwasa masa cikin damtse, ba da ƙarfi ba, kamar mai buga ƙofar maƙwabci. Hannun ya saki ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tsumma. Mutumin yana dariya yana yarfe yatsu. Metir ya kama hannun ya murza masa wani wuri kusa da wuyan hannu, sannan ya ɗauki sanda ya je jikin hoton ya bi wani layi tun daga hammata har ƙaramin yatsa, yana bayani. Ba na jin abin da yake cewa, amma na gane. Wuraren da Baba ya hana hannu zuwa, su ake koya wa mutane su nufa.

Da muna cin abinci na ba abbanku labari. Dariya ya yi.

"Ai kaɗan kika gani. Ni a bidiyo na ga an ce akwai inda za su taɓa ka, ka yi sati kana yawonka, rana ta takwas kana shan shayi ka kife." Ya miƙa yatsa ya caki cikin Nafisa. "Ke shi ke nan, na gama da ke. Sai Laraba mai zuwa!"

Nafisa ta kwanta a kujera ta fito da harshe, suna ta ƙyaƙyatawa. Ni na kwashe kwanuka.

Ba a yi wata ba abin ya faru. An haɗa Nafisa da wata yarinya da ta fi ta jiki. Ƙafar yarinyar ta same ta a cikin gwiwar hannu ta dama. Ta tsaya ta riƙe hannun, ta nufo benci.

"Mama, yatsuna biyu sun mutu. Kamar tururuwa na tafiya a ciki."

Ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi. Na ɗaga ido na dubi hoton, layin nan ne da Metir ya bi da sanda. Ya zo ya murza mata hannun, ya ce mini ba komai, ya koma wurin yara. Kafin mu kai wurin jiran bas tana cin biskit da wannan hannun, tana ba ni labarin wata ƙawarta. Da wata uwar ce, da hankalinta ya kwanta a nan. Ni nan nawa ya tashi, domin haka Baba ya ce abin yake farawa. Ranar Alhamis na kai ta asibiti wurin lokotoro. Ya lanƙwasa hannun, ya miƙar, ya sa ta matse masa yatsa, ya ce lafiya lau. Ina so in ce masa jini ne ya kwanta a ciki, ban san yadda ake faɗar mataccen jini da Faransanci ba. Ranar Juma'a ta ce kanta yana ciwo. Yanzu na san mura ce. A lokacin kwana nake ƙirgawa. Abbanku yana bakin teku yana loda kontena, na kira shi.

"Rabi, don Allah ki bar ni in yi aiki. Wasa fa nake yi ranar nan. Lokotoro ya gan ta, me kuma kike so?"

Asabar da safe na sa ki a puset, keken jarirai, na riƙe hannun Nafisa, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Paris. Ban faɗa wa kowa ba. A Saint-Denis akwai wani tsoho, Baba Ɗanjuma, wanzami ne mutumin garinmu. Yana zaune a wani ɗan ɗaki a fuwaye, gidan ma'aikata marasa iyali. Yana yi wa ƴan kasuwa aski, yana kafa ƙaho ga waɗanda ɗaukar kwalayen kaya ya kashe wa baya. Shi ya yi wa Nafisa askin suna. Ya san kakanku tun suna samari, tare suke zama a kasuwa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi abbanku, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya, har waɗanda suka rasu bai ji ba.

"To ɗiyar Habu, me ya kawo ki Paris ba mijinki?"

Na faɗa masa. Ya kira Nafisa ya lallatsa hannun tun daga kafaɗa, ya ba ta yatsansa ya ce ta matse.

"Kai! Sake ni, ƴar dambe, da shi nake cin abinci." Ya juyo gare ni. "Lafiyarta lau. Ku sha shayi ku koma."

"Baba, a makasa aka buge ta."

"Gwiwar hannu ba makasa ba ce. Kowa ya taɓa buge ta da ƙofa. Kuma ni ba na taɓa yara a ƙasar nan. Manya ma sai na san ubansu."

Na roƙe shi, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. A wurin wanzamai akwai wani abu: in gidan ɗan'uwan sana'a ya zo maka da buƙata ba ka mayar da shi, ba ka kuma karɓar lada. Na san wannan tun ina yarinya, kuma da shi na kama shi.

"Da Habu yana da rai ba zan hau jirgi in zo nan ba," na ce. "Askarku ɗaya. In ka kore ni, shi ka kora."

Sai ya jawo zabirarsa, jakar kayan wanzanci, daga ƙarƙashin gado. Ƙahonni huɗu ya kafa mata, biyu a allon kafaɗar dama, biyu ƙasa da su. Tsagen da ya yi ba su da zurfi, na gane don ni ya yi su, in ga jini in yi shiru. Nafisa ta kifa kanta a cinyata, ba ta yi kuka ba, sau ɗaya ta ce yana zafi. Da ya cire ƙahonnin na leƙa. Jinin ja ne wur, ba baƙi ko kaɗan. Ya nuna mini. Da za mu fita ya ce kada ta tuɓe riga gaban kowa sai bayan sati biyu. Na ce to. A jirgin dawowa na yi barci irin wanda ban yi ba tun Laraba.

A kan firij akwai takardar lakwal da ke jiran abbanku. Ta ce ranar Talata ajin su Nafisa za su fara zuwa pisin, wurin koyon iyo. Ban san abin da ta ƙunsa ba. Nafisa ta sani, kuma tana son ruwa, ta sa kayan wankanta a jaka da kanta. Kafin azahar aka kira ni a waya. Da na isa ba ta lakwal, an wuce da ita asibiti. Ba na ganin laifin madam ɗin ajinsu. Ta ga bayan yarinya da shati huɗu masu zagaye, shuɗi-shuɗi, kowanne da yanka a tsakiya. An tambayi Nafisa wa ya yi mata, ta yi shiru kamar yadda ta saba. Aka ce mini ba za ta biyo ni gida ba sai an gama bincike, kuma gobe da safe asistant, ma'aikaciyar kula da yara, za ta yi magana da ni. Da la'asar aka bar ni in gan ta, wata nas tana zaune a ɗakin.

Kafin in shiga na riga na yi tunanina a kan bencin waje. Baba Ɗanjuma ya fi shekara ashirin a ƙasar nan ba takarda. In na ambaci sunansa ƴan sanda za su je fuwayen, su tarar da aska da ƙahonni, kuma ba shi kaɗai ne marar takarda a wannan gidan ba. Ya ce a'a har sau uku. Ni na tilasta shi da sunan mamaci. Na shiga na zauna bayan Nafisa a kan gado, na fara gyara mata kitso, na sassauta murya kamar mai lallashi.

"Nafisa, ba mu je Paris ba. Ba ki ga Baba Ɗanjuma ba. Ni na yi miki, a ɗakinmu, da kofunan shayi da reza. Kin ji?"

"Amma Mama, ba ke ba ce."

"Ni ce. Maimaita in ji."

Ta maimaita. Na sa ta sake. Nas ɗin tana mana murmushi, ina jin ta ɗauka addu'a nake koya mata.

Abbanku ya bar kontenarsa ya taho. A wurin ajiye motoci na asibitin na faɗa masa komai.

"Ki gaya musu gaskiya," ya ce. "Shi sana'arsa ce, ya san abin da yake yi. Ke kuwa uwa ce da reza a hannu. Kin san yadda wannan zai shiga kunnensu?"

"Za su kama shi, Malam."

"To zaɓi. Tsohon ko ɗiyarki."

"Na riga na gaya wa Nafisa abin da za ta ce."

"Kin sa yarinya a tsakiya," ya ce, ya shiga mota. Ya yi kusan wata ba ya yi mini magana sai ta dole. Amma duk inda aka tambaye shi cewa yake ba ya gari, kuma gaskiya ce.

Asistant ɗin mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya. Sun samo tafinta, wata ɗaliba ƴar Maraɗi da ke karatu a Bron. Aka baje hotunan bayan Nafisa a kan tebur. Na faɗi abin da na shirya. Ɗalibar ta dubi hotunan, ta dube ni, ta ce a hankali:

"Yaya, wannan shatin ƙaho ne, ba na kofi ba. Gidanmu ma ana yi."

"Ƙanwata, ki faɗa mata abin da na faɗa."

Ta faɗa. Asistant ta rubuta, ta tambayi dalili. Nan kam gaskiya na ba ta: hoton bango, jajayen ɗigo, hannun direba, yatsun Nafisa. Ta rubuta wannan ma. Daga asibiti aka kai Nafisa wani gidan yara a wajen gari, aka ce alƙalin yara zai yanke ko za ta dawo hannuna ko a ba wasu riƙonta. Kwana goma sha biyu ta yi a can. Ina shiga ɗakinta in ninke kayan da suke a ninke. Ke ma sun zo sun tuɓe ki sun duba jikinki.

Maganata ta jawo wa Metir tambayoyi, domin sun je sun bincika abin da yake koya wa yara. Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya aiko ta hannun abbanku cewa in zo sal da safe, lokacin da ba kowa. Na je da ke a baya. Faransancinsa ya fi nawa, amma ya riƙa magana a hankali, da hannu da komai, muka fahimci juna. Ya tsayar da ni gaban hoton ya ce in nuna masa abin da na sani. Na nuna jajayen, na ce nan babana ya ce ba a taɓawa. Na nuna wasu baƙaƙe a gadon baya, na ce nan yake kafa ƙaho. Ya tambaye ni babana likita ne? Na ce wanzami ne, na kwatanta masa aski. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Wuri ɗaya ne," ya ce. "Mai allura ya zo nan ya buɗe, mai duka ya zo nan ya rufe. Jajayen nan ni na kewaye su, don manyan ɗalibaina su san inda za su kiyaye in suna gwaji da juna. Yara ba na nuna musu ko ɗaya. Yara faɗuwa nake koya musu."

Na nuna gwiwar hannu. Ya ce jijiya ce ta biyo kusa da fata, in an buge ta yatsu biyu su yi barci, kafin shayi ya huce sun farka. Na tambaye shi wurin da ake taɓa mutum ya mutu bayan sati.

"Tun ina da gashi nake wannan aikin, ban gani ba. Wuya da kai da ciki, in an buga da ƙarfi, a kai mutum asibiti a ranar, wannan gaskiya ne, babanki bai yi ƙarya ba. Sauran na masu bidiyo ne." Ya nuna bencin. "Me ya sa ba ki tambaye ni ba, madam? Kullum kina zaune a can."

Tsakanin bencin da inda yake tsayawa bai fi taku goma ba, ni kuwa na tafi har Paris.

Ranar zama gaban alƙali Metir ya zo, ba wanda ya roƙe shi. Ƙaramin ofis ne, ba irin kotun da ake nunawa a talabijin ba. Alƙalin mace ce. Ta fara ganin Nafisa ita kaɗai, sannan aka shigar da mu. Da aka ba Metir dama ya ce ya san wannan shati, a ƙasarsu ma uwaye suna yi wa ƴaƴansu in sanyi ya kama su, ba duka ba ne, magani ne a wurinsu. Ya juya baya ya ɗaga rigarsa. Shati shida ne a bayansa, matarsa ce ta kafa masa kofuna a satin. Alƙalin ta cire tabarau ta duba. Ya sauke rigar ya ƙara da cewa su dai ba sa yanka, yankan kuskure ne, kuma yarinyar ba ta buƙatar komai tun farko. Bai yi mini ƙarya ba, bai kuma rage mini ba. Alƙalin ta tambaye ni ko zan sake. Na ce a'a. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya taimake ni. Na ce ni kaɗai ce. Nafisa tana zaune kusa da abbanku, tana kallon takalmanta.

Aka ba mu ita a ranar, da sharaɗi. Shekara guda wani ma'aikaci yana zuwa gidanmu duk sati biyu, ya zauna a falo ya buɗe littafinsa, ya leƙa firij, ya keɓe da Nafisa. Kowane wata nas ɗin lakwal tana tuɓe ta ta duba. An sa ni shiga ajin Faransanci, a can na koyi karatun da nake karanta takarduna da kaina yanzu, har hannuna ya saba da biro. Matan benci suka daina matsa mini wuri, sai na koma zama a ƙarshe. Nafisa ta ci gaba da karate, ni ke kai ta har ta girma ta fara zuwa ita kaɗai. Baba Ɗanjuma bai taɓa jin abin da ya faru ba. Bayan wasu shekaru ya koma Damagaram da ƙafarsa, a can ya rasu cikin jikokinsa, shi ya sa yau nake iya rubuta sunansa. Ban ce na yi daidai ba. Da alƙalin ta yanke akasin haka, da ban san da wane baki zan yi muku bayani ba. Na sa yayarki a kan tebur kamar kuɗin caca don in tsare wani tsoho, Allah ya sa ba a ɗauke ta ba.

A lokacin na ɗauka da shekarar ta ƙare an gama biya. Abin da ban lura da shi da wuri ba, ni mai lura da komai, shi ne Nafisa ta daina ciwo. Ba ciwon kai, ba ciwon ciki, ba haƙori. In na tambaye ta ta ce lafiya lau. Na riƙa gode wa Allah da ya ba ni ɗiya mai ƙarfin jiki. Sai tana da shekara goma sha biyar, ta dawo daga wata gasa ranar Lahadi da lambar yabo. Litinin ta tafi lakwal, Talata ta tafi. Laraba da rana na ce ta sauke mini tukunyar shinkafa. Na ga ta sa hannun hagu kaɗai, ta manne na dama a kwiɓinta, ta riƙe numfashi sai da ta dire tukunyar. Ban tambaye ta ba. Na ce ta sa manto, muka tafi asibiti. Hoto ya nuna haƙarƙari biyu sun tsage. Lokotoron ya ce da mamaki yarinya ta yi kwana uku da wannan ba ta faɗa ba. Ashe ta faɗa wa Metir tun ranar gasar, ya ce ta gaya wa iyayenta su kai ta a duba, ta ce masa to.

A bas ɗin dawowa muna zaune gefe da gefe, takardar magani tana hannuna. Sai da muka hau tudun Rillieux na yi magana.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Tana kallon taga ta amsa, ba fushi a muryarta, kamar mai faɗar sunan tasha.

"Mama, in na ce miki wani wuri yana mini ciwo, ban san inda za mu kwana ba."

Bas ya tsaya, na riƙe mata jaka, muka sauka. Yau shekararta ashirin da shida, tana kirana kowace Juma'a, muna hira mai tsawo. Har yanzu ban taɓa jin ta ce ko kanta yana ciwo ba.